Zaɓen Jirgin Da Zai Ɗauki Iyali: Don Allah A Riƙa Jin Ta Bakin Samari

Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu mazauna Azuba da Shabu da cikin garin Lafiya, da sauran 'yan uwa Hausawa da neman abinci ya kawo iyayensu ko kakanninsu wannan yanki na Jihar Nasarawa. Yau ina so mu tattauna kan wata magana wadda da jin ta mutum zai ce ai wannan zancen masu kuɗi ne, amma in aka bi ta a hankali za a ga har cikin ɗakunanmu ta shigo. Maganar ita ce: idan iyali za su yi tafiya ta ruwa, wa ke zaɓen jirgin da za a shiga, kuma da me ake auna shi? Ra'ayina dai shi ne, samari da 'yan matan gida, wato 'yan shekara 18 zuwa 25, ya kamata a ba su baki a wannan zaɓe, a kuma ɗora musu aikin duba jirgi tun kafin a biya kuɗi. Bari in kawo dalilaina, mai karatu ya yi mana alƙalanci.

Yadda Suke Yi A Can

Da yawanmu mun sha ganin hotunan manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa a wayoyinmu. Jirgi ne kamar unguwa guda a kan teku, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da kududdufan wanka da filin ƙwallo. Alal misali, wanda kamfanin Royal Caribbean ya ƙaddamar a Janairun 2024 daga birnin Mayami na Amurka, mai suna Icon of the Seas, tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. Iyali kan tara kuɗi su shiga irin wannan jirgi su yi mako guda suna zagaya tsibirai.

To, abin da ya ja hankalina shi ne irin muhawarar da iyayen can ke yi kafin su zaɓi kamfani. Babbar matsalarsu ita ce 'ya'yan da suka wuce yarinta amma ba su gama zama manya ba. A yawancin jiragen, ɗakunan wasan yara da na matasa a kan shekara 17 suke tsayawa. Sannan jiragen da ke tashi daga Amurka, akasari ba sa barin wanda bai kai shekara 21 ba ya yi tafiya shi kaɗai, sai da babba. Ka ga ɗan shekara 19 ya zama jemage ke nan, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Wannan ne ya sa kamfanin Disney ya ware shiri na musamman ga 'yan shekara 18 zuwa 20, shi kuma kamfanin Virgin Voyages ya ce sam ba ya ɗaukar wanda bai kai 18 ba. Hatta Saudiyya ta shiga harkar, domin a Disamban 2024 jirginta mai suna AROYA ya fara jigila daga Jidda a cikin Bahar Maliya, ba giya ba gidan caca, don ya dace da iyalan da al'adarsu ta yi kama da tamu.

Abin lura a nan guda biyu ne. Na farko, uba a can yakan zaunar da ɗansa da 'yarsa ya tambaye su wane jirgi ya dace da su. Na biyu, suna samun sukunin yin gardama a kan abinci da wurin wasa ne saboda an riga an gama maganar tsira da rai. Kuma ba a banza aka gama ta ba. Lokacin da Titanic ya nutse a Afrilun 1912, mutum fiye da 1,500 suka mutu, domin ƙananan jiragen ceton da ke cikinsa guda 20 ne kacal, ba za su ɗauki fiye da kusan rabin jama'ar ba. Wannan ya haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914. Bayan shekara ɗari, a Janairun 2012, jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu, aka kuma gano ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a nuna musu yadda za su yi in hatsari ya auku ba. Daga nan aka tsaurara doka, ya zama sai an yi wa fasinja wannan bayani kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Wato kowane hatsari sai sun ciro darasi daga cikinsa.

Namu Jirgin

Mu dawo gida. Mu ma muna shiga jirgi da iyali, sai dai namu na katako ne mai inji a baya, kuma yawanci lalura ce ke shigar da mu. Kogin Binuwai ne ya yi wa jiharmu iyaka ta kudu, tun daga wajen Tunga a ƙaramar hukumar Awe, ya biyo ta ƙasar Doma, ya wuce Loko da Umaisha. Gadar Loko zuwa Oweto da aka buɗe a 2023 ta rage wahala sosai, amma ƙauyukan bakin ruwa masu yawa har gobe sai da jirgi. Wanda zai bi ta Shendam zuwa Wukari kuwa ya san fiton Ibi. Ɗan kasuwa da ke sayen shinkafa ko riɗi ko busasshen kifi ya san kwata kamar yadda ya san tasha. Ga biki, ga suna, ga ta'aziyya, ga Mauludi, domin 'yan uwanmu sun bazu a duk garuruwan nan na bakin kogi.

Wani abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne, mu ba mutanen ruwa ba ne. Iyayenmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suka zo, yawancinsu daga garuruwan da babban ruwansu shi ne kududdufin bayan gari. Jukunawa da Nufawa da Kabawa sun tashi da filafili a hannu, ɗansu na shekara bakwai zai iya tsallake rafi da iyo. Mu kuwa ka tara samarin unguwarmu ka ce wanda ya iya ruwa ya ɗaga hannu, za ka sha mamaki. Saboda haka duk ranar da muka shiga jirgi, ranmu kacokan yana hannun Allah, sannan yana hannun wanda ya zaɓo jirgin.

Ga kaɗan daga abin da ya faru a 'yan shekarun nan. A watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar Kogin Kwara da mutum fiye da 150 a ciki, waɗanda aka ceto ashirin da 'yan kai ne. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023, 'yan biki da ke komawa gida cikin dare a ƙaramar hukumar Patigi ta Jihar Kwara suka gamu da nasu, mutum fiye da 100 suka rasu. Bayan wata biyu, a Agustan 2023, abin ya zo har ƙofar gidanmu, inda mutum 12 suka rasu a ruwan Arikiya, a nan ƙaramar hukumar Lafiya. Sai kuma daren 1 ga Oktoban 2024, da jirgi ɗauke da mutum kusan 300, galibi mata da yara, ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, su ma a hanyar Mauludi. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

In ka duba waɗannan labarai za ka ga abubuwa huɗu ne ke ta maimaita kansu: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Za ka kuma ga da yawa daga cikinsu tafiyar rukuni ce, dangi ɗaya ko makaranta ɗaya ko ƙauye ɗaya. Wato akwai wani mutum guda da ya je ya yi ciniki da mai jirgi a madadin kowa. A nan ne maganata take.

Me Ya Sa Na Ce Samari?

Kowa ya san yadda ake shirya irin wannan tafiya a gidajenmu. Baba zai kira Kawu, Kawu zai ce akwai wani mai jirgi da ya sani tun shekara ashirin, mutumin kirki ne, zai yi mana sauƙi. Shi ke nan an gama. Ba wanda ya ga jirgin da idonsa. Ranar tafiya a ce wa samari su ɗauko kaya, su tura babura cikin jirgi, su riƙe hannun tsofaffi, in an gama kowa ya zauna su kuma su ɗosana a gefe ko a kan buhuna. Mu ne 'yan dako, mu ne masu gadi, kuma in abu ya faru mu ake sa ran za mu ceto iyaye mata da ƙanne. Amma lokacin da ake yanke shawara, in ka buɗe baki sai a ce yaro ya fara fitsara.

Dalilina na farko, saurayi ne ke da ƙafar zuwa. Alhaji ba zai rufe shago ya tafi kwata don kallon ƙasan jirgi ba, kuma bai kamata ma a ce ya je ba. Amma ɗansa zai iya hawa babur kwana guda kafin tafiya, ya ga jirgin, ya ɗauko hotonsa a waya, ya kawo wa mahaifinsa. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa an saba aiken mu ƙauye sayen doya da riɗi, kuma babu uban da zai yarda ka biya kuɗin buhu ba ka zura hannu ka ga abin da ke ƙasansa ba. To, in ana amince mana da dukiya, me zai hana a amince mana da duba abin da zai ɗauki rayukan gida?

Na biyu, mu a nan aka haife mu. Da yawanmu mun yi makaranta da 'ya'yan Eggon da Alago da Tibi da Jukun, muna jin ɗan abin da ba a rasa ba na harsunansu, muna jin Turancin kasuwa. Saurayi zai tsaya da samarin kwata su yi raha, cikin minti goma su gaya masa wane jirgi ne ke yoyo, wane direba ne ke da ganganci, wane inji ne ke mutuwa a tsakiyar ruwa. Wannan labari ba za a taɓa gaya wa dattijo mai babbar riga ba, domin shi ana ganin sa a matsayin mai biyan kuɗi.

Na uku, kunya. Dattijo ba zai iya cewa abokinsa na shekara ashirin jirginka ya tsufa ba. Goggo ba za ta iya hana maƙwabciyarta shiga ba, ko da ta ga jirgi ya cika maƙil. Wannan kara da kawaici abin alfahari ne a zaman tare, amma a bakin ruwa yana kashe mutane. In aka ce tun farko wane ne mai ƙidaya, kuma da izinin Baba yake yi, to shi zai tsaya ya ce an kai adadi, sauran a jira sawu na biyu, laifin ya tsaya a kansa, mutuncin manya ya tsira.

Na huɗu, mu ma ruwan yana cin mu. Hatsarin jirgin Joola na ƙasar Senegal a Satumban 2002 ya kashe mutum 1,863, fiye da na Titanic, a jirgin da aka ƙera don mutum 500 da 'yan kai. Da yawa daga cikinsu ɗalibai ne da ke komawa Dakar daga Kasamas bayan hutu. Wanda za a saka ransa a cikin abu, ai adalci ne a ji ta bakinsa.

Abin Da Iyaye Za Su Ce

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Za su ce ai samarin nan su ne ke miƙewa tsaye a jirgi suna ɗaukar hoto, su ne ke zuga direba ya ƙara wuta, su ne ke jinkirta tafiya har dare ya yi saboda ba su gaji da rawa ba. Wallahi duk gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa ranar yawon Sallah ya ga haka.

Amsata ita ce, saurayin da aka mayar ɗan rakiya shi ne ke wasa. Wanda aka ce masa ran ƙannenka goma sha biyu yana wuyanka, ba za ka gan shi tsaye yana hoto ba. Haka muka gani a kasuwa: yaron da ake bari a bakin shago kawai yakan yi ta yawo, ranar da aka damƙa masa makulli sai ya riga kowa fitowa. Kuma ban ce a karɓe hukunci daga hannun manya ba. Baba ne zai ce a tafi ko a fasa. Abin da nake roƙo shi ne ya yanke hukuncin bayan ya ji rahoton wanda ya je ya gani.

Wasu kuma za su ce ai kwana in ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Haka ne, babu mai ja. Amma wanda ke faɗar haka da daddare sai ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu, ya kuma biya mai gadi. Dogaro ga Allah bai taɓa hana mu kulle shago ba, bai kamata ya hana mu ƙirga mutane a jirgi ba.

Abin Da Za A Duba

Ga 'yan uwana samari, in an ba ku wannan aiki, ga abin da nake ganin za ku sa wa ido. Ku fara da jikin jirgin: in kun tarar ana ta kwashe ruwa daga cikinsa alhali yana tsaye a kwata babu kaya, ku nemi wani. Ku dubi katakon ƙasa da wuraren da aka yi faci. Ku tambayi mutum nawa yake ɗauka, kada ku tambayi mai jirgin kaɗai, ku tambayi Sarkin Ruwa ko shugabannin ƙungiyar masu jirage na wurin. In an gama lodi ku dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. In har mutum yana zaune zai iya taɓa ruwa da yatsa ba tare da ya sunkuya ba, to kaya sun yi yawa. Babura da buhunan hatsi da kayan ɗakin amarya su bi wani sawu dabam, kada a haɗa su da mata da yara.

Sai rigar kariya. A ƙirga ta a gaban idonku, kowane kai da tasa, har da ƙanana na yara, domin rigar babba in aka sa wa yaro zamewa take yi ta kansa. A duba igiyoyinta da maɗaurinta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA mai hedikwata a Lakwaja, tana da dokokin sufurin ruwa na 2023 da suka wajabta sa rigar, suka hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. A 2025 kuma ma'aikatar harkokin teku ta tarayya ta fara rabon dubban riguna ga jihohin da ke bakin ruwa, aka ƙaddamar a Minna. Saboda haka in kun nemi riga ba alfarma kuka roƙa ba. In mai jirgi ba shi da ita, dangi su haɗa kuɗi su sayi nasu a ajiye a gidan babban gida, kamar yadda muke da tukwane da tabarmi na taro.

Sai lokaci. A tsara tafiya yadda za a sauka kafin la'asar sakaliya. In biki ya ja har magariba, a kwana, ko a tabarma ne. Da dare direba ba ya ganin kututturen da ruwa ya rufe, kuma in abu ya faru masunta duk sun koma gida, babu mai kawo ɗauki. A kula da damina musamman daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da Binuwai ke cika yana tafe da itatuwa, balle in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. In hadari ya haɗo, a dakata. A ƙarshe a rubuta sunan duk wanda ya shiga, a bar takardar a hannun wani a gida, a karɓi lambar wayar wani a kwatar da za a sauka.

Na san duk wannan zai ƙara kuɗi, musamman yanzu da man fetur ya yi tsada tun bayan cire tallafi a 2023. Sawu biyu ya fi sawu ɗaya ci. Amma mu dubi abin da muke kashewa a anko da kiɗa da abincin da rabinsa zubarwa ake yi. In an rage turmi biyu a lefe, kuɗin sawu na biyu ya fito. Araha dai ba ta ado.

In Kuma Yawon Shaƙatawa Ne

Ba kullum lalura ba, wani lokaci iyali kan so su fita shan iska. Akwai masu kai yara tafkin Jabi a Abuja lokacin Sallah, akwai masu zuwa Legas su shiga jirgi daga Ikoyi zuwa Tarkwa Bay, wanda Allah Ya hore wa kuma yana iya haɗa Umara da zagayen Bahar Maliya. A nan ma a zauna da matasan gida. A tambaye su abin da suke so su gani, a duba ko wurin ya dace da tarbiyyarmu, ko akwai wurin salla da abincin da za mu iya ci, ko wurin na iyali ne ko na 'yan holewa. A tambayi 'yan mata su ma, domin su ne aka fi mantawa, kuma su ne doguwar sutura ke naɗe wa a ruwa, don haka sun fi kowa buƙatar rigar da ta yi musu daidai. Saurayin da aka yi shawara da shi zai zauna cikin iyali da daɗin rai. Wanda aka ja kamar akuya kuwa, da an isa zai sulale ya nemi abokai, kuma a nan ake samun matsala.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin al'ummarmu na Azuba da kewaye, da masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na matasa, da su mayar da wannan al'ada: duk tafiyar ruwa da ta haɗa dangi ko ɗalibai, a naɗa samari biyu masu hankali su je su duba, su dawo su yi bayani, sannan a biya kuɗi. Iyayenmu, ku gwada mu sau ɗaya ku gani. Mu kuma samari, in an ba mu mu riƙe da ladabi, kada mu mayar da shi hanyar ɗaga wa manya murya. Gemun 'yan uwanmu na Bagwai da Patigi da Arikiya ya riga ya kama wuta, saura mu shafa wa namu ruwa.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya kai kowa gidansa lafiya. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu na Loko da Tunga da suka fi mu sanin kogi, ƙofa a buɗe take. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.